Wasiƙa daga Maryland zuwa ga mutanen Gombe: nawa dokar za ta ci, wa zai biya?

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na Gombe. Ina fatan kowa lafiya, gida da gona da kasuwa. A yi mini afuwa in taƙaita gaisuwa, maganar da ke bakina tana da tsawo.

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini a WhatsApp, daga Pantami, daga Kumo, daga Bajoga. Da zarar an ji a rediyo wani ɗan majalisa ya kawo ƙudiri kan makarantu ko asibiti ko ’yan acaɓa, sai a ce, “Wai ku a can yaya ake yi doka ta zauna da gindinta, mu kuma a sa hannu yau gobe a manta?” Na ga gara in amsa gaba ɗaya, in taɓo makaranta, zaɓe, lafiya da hanya gwargwadon hali.

Tsarin Amurka muka ɗauko tun 1979, don haka kamannin suna da yawa. Majalisar jihar Maryland tana zama a garin Annapolis, da sanatoci 47 da wakilai 141, mu kuma majalisarmu zaure ɗaya ce mai mutum 24. Suna buɗe zama ranar Laraba ta biyu a watan Janairu, a tsakiyar sanyin da hunturun Gombe bai kama ƙafarsa ba, ruwa na daskarewa a kan titi, rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar. Kwana 90 kacal gare su. Ana kawo ƙudirori fiye da 2,000, kuma duk wanda bai tsallake ba kafin sha biyun daren ranar ƙarshe a watan Afrilu ya mutu, sai a sake kawo shi baɗi daga farko. Karatu na farko, kwamiti, sauraron jama’a, karatu na biyu da na uku, sa hannun gwamna, duk mun san su a gida.

Abin da har yanzu yake ba ni mamaki wata takarda ce da ake liƙa wa kowane ƙudiri, takardar lissafin kuɗin doka. Wanda ya kawo ƙudirin ba shi ke rubuta ta ba. Ma’aikatan majalisa ne da ba sa bin kowace jam’iyya, masu lissafi da masu nazari, suke zama su tuntuɓi ma’aikatun da abin ya shafa su fitar da ita, kuma kwamiti ba ya kaɗa ƙuri’a a kan ƙudiri sai tana hannu. A cikinta za ka ga abin da doka ta ce a yanzu, da abin da ƙudirin zai canza, sannan jadawalin shekara biyar: nawa zai fita daga asusun jiha, nawa zai shigo. Sai abin da zai faɗa kan ƙananan hukumomi, sai abin da zai faɗa kan masu ƙananan sana’o’i. In za a ɗauki sababbin ma’aikata, a faɗi mutum nawa, albashinsu nawa, har kuɗin kayan ofis. Kowa na iya buɗe ta a intanet kyauta. Mai shago zai karanta da dare, ya yi rajista, ya je gaban kwamiti a ba shi kamar minti 2 ya ce, “Shafi na uku ya yi mini nauyi, ga dalilina.” Ƙudirori masu daɗin ji da yawa a nan suke mutuwa, saboda an ga kuɗinsu a fili.

Mu kawo abin gida. A ce an kawo ƙudiri cewa duk makarantar firamare da ke bakin babban titi sai an ba ta mai tsallakar da yara. Wa zai ƙi wannan? Amma a ɗauki biro. A ce makarantu 40 ne, misali kawai nake bayarwa, kowace tana buƙatar mutum 2, safe da tashi. Mutum 80 ke nan. A kan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, wata guda naira miliyan 5 da dubu 600, shekara miliyan 67 da dubu 200. Ba a sa kuɗin riga mai ƙyalli a lissafin ba, ba a sa na allon tsayar da mota ba, ba a sa na fenti ba, kuma zanen tsallaka titi a ƙasarmu mai yashi da zafin rana sai ana sabunta shi a kai a kai. To wa zai biya: hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), ma’aikatar ayyuka, ko ƙaramar hukuma? Sashe na 120 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana cire kuɗi daga asusun jiha ba tare da an amince da shi ta doka ba. Dokar da ba ta da layi a kasafin kuɗi, ko gwamna ya sa mata hannu cikin kwana 30 da sashe na 100 ya ba shi, tana nan a takarda, yaro kuma yana nan yana gudu tsakanin Keke Napep da tirela.

Akwai kuma tambayar titin wa ne. Hanyar da ta tashi daga Gombe ta bi Kumo, Billiri da Kaltungo zuwa Yola ta gwamnatin tarayya ce, haka ta Bauchi da ta Biu. Ƙudirin jiha da ya ce a zuba tudun rage gudu a irin waɗannan sai ya faɗi yadda za a samu yardar masu titin, in ba haka ba a wayi gari an kankare. Tudun ma yana da ƙa’ida. Wanda unguwa ke tarawa da siminti da dare, gajere mai tsini, ba fenti ba allon gargaɗi, shi ke kayar da mai babur da goyonsa. Mai kyau faɗi gare shi, hawansa a hankali, da fenti, da allo tun daga nesa. Dalilin rage gudun lissafi ne da kowa zai iya yi: mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, mai gudun 30 tana cin mita 8 da ɗoriya. Kafin ƙafar direba ta kai birki an riga an ci wannan tazarar, kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu yake yi.

A nan Maryland kyamarar kama masu gudu suke kafawa kusa da makarantu, kuma yadda aka rubuta dokar ya fi kyamarar burge ni. An ce cikin rabin mil daga makaranta, Litinin zuwa Juma’a, shida na safe zuwa takwas na dare. Ba ta kama ka sai ka zarce iyakar gudu da mil 12, kusan kilomita 19. Dole a kafa allon sanarwa. Tara tana farawa daga dala 40, takardar tana zuwa wa mai motar ta gidan waya da hoton lambarsa, kuma yana da ikon zuwa kotu ya yi jayayya. A 2014 sai da majalisa ta koma ta gyara dokar, ta hana biyan ɗan kwangila bisa yawan takardun tarar da kyamararsa ta fitar, domin an ga inda hakan ke kai mutane. Wannan gyaran nake so ku riƙe. Duk ƙudirin da ya kafa hukumar kula da zirga-zirga sannan ya ɗora cin abincinta a kan tara, ya haifi masu farautar direbobi. A duba sashen da ya ce ina kuɗin tara ke shiga, da rasit, da inda mutum zai kai kuka in an zalunce shi.

Kyamarar kanta ba na ba da shawarar a yi gaggawar sayo ta. Tana aiki ne saboda kowace lamba tana da suna da adireshin da wasiƙa ke isa. A gida mota kan wuce hannu uku takardunta na ɗauke da sunan mai ita na farko. Sai an gyara rajistar canjin mallaka a ofishin haraji na jiha tukuna.

Mun kuma ga abin da ya faru da hular kwano a Janairun 2009, lokacin da aka fara tilasta ta a duk ƙasa. Farashi ya yi sama, fasinja na ƙyamar sa hular da wani ya cire da zufarta, har aka ga masu kifa ƙwarya a kai. Hular na ceton rai, ba gardama. Abin da ya rasa shi ne shiri: wace irin hula ce karɓaɓɓiya, ina za a same ta da araha, wata nawa za a yi ana gargaɗi kafin a fara kamu, kuma an zauna da shugabannin ’yan acaɓa ko kuwa a rediyo suka ji? Hular da ba a ɗaure maɗaurinta a haɓa ba tana tashi kafin kai ya taɓa kwalta, wannan ma ya kamata ya shiga rubutu. Haka maganar manyan motoci masu sauko da siminti daga Ashaka. Binciken VIO na gaskiya shi ne a gwada birki, a duba fitila, a karanta taya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Taya ’yar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta bushe, zafin kwaltar Afrilu kuwa ba ya raga mata.

Kan tilasta karatu, doka muna da ita tun 2004. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta ce shekara 9 kyauta kuma dole, uban da ya ƙi a fara yi masa gargaɗi, karo na biyu tarar naira 2,000 ko wata guda a gidan yari. Sabon ƙudirin da zai ƙara tara kawai bai taɓa ciwon ba. A nemi sashen da ya ce wa ke duba rajistar aji, bayan fashin kwana nawa ake zuwa gidan yaro, wa ke zuwa, mai unguwa ko malami, kuma in yaran duk suka zo gobe, akwai aji da benci da malamin da zai karɓe su? A nemi kuma a ga an ware kason da jiha ke biya kafin hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya (UBEC) ta saki nata.

Zaɓe da lafiya ga shi wuri ya ƙure mini. A taƙaice, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 kan ’yancin ƙananan hukumomi, duk ƙudirin da ya shafi hukumar zaɓen jiharmu (GOSIEC) a duba ko ya ce a liƙa sakamako a rumfar zaɓe kafin a ɗauke akwati. Na lafiya kuma, a nan ana neman shaidar rigakafi kafin a sa yaro makaranta, amma wannan magana ce mai buƙatar wasiƙarta daban, tare da ta GoHealth, hukumar inshorar lafiya ta jiharmu.

Idan aka sanar da zaman sauraron jama’a a majalisa, ku nemi kwafin ƙudirin daga akawun kwamiti tun kafin ranar, ku ba wani malami ko lauya na unguwa ya karanta muku, ku je da takarda shafi ɗaya mai ɗauke da lambar sashen da kuke magana a kai. Ƙungiyar direbobi, iyayen yara, matan kasuwa, kowa da tasa. Wanda ya samu kwafi ya ɗauki hotonsa ya turo mini, zan duba da izinin Allah mu yi lissafin tare.

A gaida mutanen Tudun Wada da Jekadafari, a sa mu a addu’a.

Ɗan’uwanku a Maryland.