Darasin J. Walter Thompson ga masu harkar talla a Sakkwato

Duk wanda ya daɗe a harkar talla ya san iya tsara magana kaɗai ba ya ciyar da kamfani. Tarihin kamfanin talla na Amurka, J. Walter Thompson (JWT), ya isa misali.

A 1864 aka kafa shi a New York da sunan Carlton & Smith, aikinsa dillancin filin talla a mujallun addini. James Walter Thompson ma'aikacinsu ne, daga baya ya saye kamfanin ya sa masa sunansa. An buɗe ofishin Landan a 1899, amma bunƙasa ta gaske sai a 1927, da General Motors ya ba shi tallan motocinsa a ƙetare, bisa sharaɗin duk ƙasar da ake haɗa motar ya buɗe ofis a can. Wato ba shi ya zaɓi ƙasashen ba, bin mai kaya ya yi. A Najeriya ma haka ne: kamfanin talla na West Africa Publicity, wanda ya rikiɗe ya zama Lintas, tallan kayan babban kamfanin kasuwanci na UAC yake yi. Sai dai ofishin da ya jingina da mutum ɗaya, ranar da mutumin ya janye ko kuɗin haya ba zai samu ba.

Inda aka fi faɗuwa shi ne lissafi. Tsohon tsarin la'ada kashi 15 ne cikin ɗari. Idan lokacin talla a rediyo naira 100,000 ne, mai kaya ya biya 100,000, kai ka miƙa wa gidan rediyo 85,000, ka riƙe 15,000. A ciki za ka biya marubuci da man mashin, har da mai sauraron da zai tabbatar an sa tallar a lokacinta. Idan ka biya gidan rediyo daga aljihunka, mai kaya kuma ya ja wata uku, to kai ka ba shi bashin 85,000 don cin 15,000. Shi ya sa ake karɓar kafin alƙalami a rubuce, a kuma ware kuɗin ɗaukar murya daban.

Sai harshe. Talla takan taso daga Legas da Turanci, a juya ta da Hausar Kano, a turo Rediyon Rima. Mai shago a tsohuwar kasuwa zai gane, amma ya san ba da shi ake ba, shi da ke cewa "mi kaka so?" Gara a sake ɗauka da muryar Basakkwace. A tuna kuma sai ARCON, hukumar kula da harkar talla ta Najeriya, ta tantance kafin a watsa.

JWT kuwa, a 1987 WPP na Martin Sorrell, kamfanin da asalinsa kwandunan waya yake ƙerawa, ya saye shi kan dala miliyan 566. A 2018 aka haɗe shi da wani kamfanin talla, Wunderman, a 2024 kuma sunan Thompson ya ɓace da aka sake haɗe su cikin kamfanin VML.