Abin da makin jarrabawar fiziks ya koya mini

Ƙarshen wannan zangon zan bar sashen fiziks. Waɗanda muka zauna tare a ɗakin makin jarrabawa sun san yadda aikin ƙaramin malami yake: a miƙo maka tulin takardu da takardar amsoshi, ka bi ta layi-layi da jan biro. Ba wannan zan ba da labari ba. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mini a rai, kuma har yau ban huce ba.

Tambayar ta rilatibiti ce, wato lissafin Einstein na abubuwa masu gudu kusa da gudun haske, ta 'yan aji uku. Abubuwa biyu masu nauyi ɗaya, kowanne m, suna gudu da kashi 3 cikin 5 na gudun haske, suka yi karo gaba da gaba suka manne. Mene ne nauyin dunƙulen? Takardar amsoshi ta ce 2m, kuma kusan duk ajin haka suka rubuta. Wata ɗaliba ita kaɗai ta rubuta 5m/2. Aikinta tsaf, da ƙananan haruffa, har ta ja layi biyu ƙarƙashin amsar. Ta fara da gamma, wato adadin da ake ninka makamashin abu da shi saboda gudunsa, ta samu 5/4. Ta nuna momentom ɗin ɗaya, wato ƙarfin tafiyarsa, ya share na ɗayan, don haka dunƙulen a tsaye yake cak. Makamashin da aka shigo da shi kuwa, 5/4 mc² sau biyu (c shi ne gudun haske), ba shi da inda za shi. Abin da yake tsaye, dukkan makamashinsa nauyinsa ne, kamar yadda Einstein ya nuna tun 1905. Rabin m ɗin da ya ƙaru, makamashin gudu ne da ya koma zafi da motsin ciki. Makamashi da momentom ake kiyayewa a karo. Ba a tara nauyi kamar ana ƙirga mudun gero.

Na ba ta cikakken maki, na ɗauki takardar na kai wa mai kwas ɗin. Na ce, "Ranka ya daɗe, da ka ɗan duba wannan, ina ganin takardar amsoshinmu na buƙatar gyara." Ko karɓa bai yi ba. Ya ce, "Yaro, tun kafin ka shiga firamare nake koyar da wannan kwas. Bi abin da aka ba ka." Na roƙe shi ya bar ni in yi lissafin a allo, layi uku kawai. Ya janyo takardar, ya soke makina, ya sa hannu a gefe. Bakin alƙalami ya bushe. Da 'yan makin nan ɗalibar ta faɗi kwas ɗin ta ɗauki kari-oba, waɗanda suka rubuta amsar da ba daidai ba suka wuce. Ni kuma daga ranar aka fara cewa ba ni da ladabi, aka janye ni daga tutoriyal na wannan kwas.

Abin da ya fi ci mini rai, kuskuren ba ya tsayawa a tambaya ɗaya. Ɗalibin da aka koya wa 2m, in ka ce masa ɗaya daga cikin abubuwan a tsaye yake, ɗayan ya zo da gudun nan ya manne masa, ka tambaye shi gudun dunƙulen, zai raba gudun biyu ya ce 3/10 na gudun haske. Amsar 1/3 ce, domin momentom 3/4 ake rabawa da jimillar makamashi 9/4. Haka zai rantse cewa abubuwa biyu masu nauyi ɗaya, in ɗaya ya gogi wanda yake tsaye ba tare da asarar makamashin gudu ba, za su rabu da kusurwar digiri 90. A lissafin Newton haka ne. A kusa da gudun haske kusurwar tsukewa take yi, kuma an gan ta da ido: a 1932 masanin fiziks Champion ya ɗauki hotunan ilektiron masu tsananin gudu suna karo da 'yan'uwansu a akwatin hazo, na'urar da ke nuna sawunsu, kusurwar ta fito ƙasa da digiri 90.

Kuma da wannan lissafi ake gina injuna. Don a samar da antifuroton, wato kishiyar furoton, ana buƙatar sabon nauyi na furoton biyu, wajen GeV 1.9 (GeV ma'aunin makamashi ne). Amma in furoton ya daki wanda yake tsaye, sai an ba shi kusan GeV 5.6, saboda momentom ya tilasta tarkacen su ci gaba da gudu, su tafi da mafi yawan makamashin. Shi ya sa aka tsara Bevatron, injin harba furoton a Berkeley ta Amurka, ya kai GeV 6.2, aka kuma gano antifuroton a can a 1955. Shi ya sa ma a zoben injin CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, mai kilomita 27 ake sa furoton su yi karo gaba da gaba, wato tsarin tambayarmu sak. Wannan duka aka rufe wa aji guda ƙofarsa da jan biro.

Sauran abin da na koya ba shi da tsawo. Ka warware kowace tambaya da hannunka kafin ka buɗe takardar amsoshi. Ƙorafi a rubuce ake kai shi, da kwafi ga jami'in jarrabawa, domin maganar baka a ofis take mutuwa. In ɗalibi ɗaya ya saɓa wa aji duka, takardarsa za ka fi karantawa a natse.

Ga wanda zai gaje ni: tambayar takan dawo kusan kowace shekara, wani lokacin da 4/5 a madadin 3/5. A nan gamma 5/3 ce, nauyin dunƙulen kuma 10m/3. Takardar amsoshin da ke cikin kabad har yanzu 2m take cewa, kuma wanda ya rubuta ta yana nan.