Daga Nima: wai aikin me kake yi a ɗaki?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Kano. Mu nan unguwar Nima a Akara lafiya lau. Na yi niyyar ba ku labarin haya da takardar zama, amma tambayarku ta sha gabana: wai da gaske ana biyanka kana zaune a ɗaki?

Da gaske ne. Kwana uku a gida, biyu a ofis. Ranar ofis daga sallar asuba sai trotro, wato motar hayar nan, in isa a gajiye kamar wanda ya yi dako. Rahoton da ke cin min wuni a can, a gida kafin azahar na gama. Ba ni kaɗai ba: a 2024 Nicholas Bloom na jami'ar Stanford ya fitar da bincike kan ma'aikata 1,612 na kamfanin Trip.com a China, aka ga kwana biyu a gida kowane mako bai rage aiki ba, masu ajiye aiki kuma sun ragu da kashi ɗaya cikin uku.

Abin da ke ci min rai shi ne zargi. A Teams, manhajar da muke magana da ita a wurin aiki, akwai ɗan ɗigo kore kusa da sunanka, ka tashi alwala, ya koma rawaya, sai saƙon oga: "Kana nan?" Ina nan mana, ina zan je? Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, intanet ta tsaya kusan ko'ina a Ghana, amma sai da na rubuta bayani. Ga dumsor, wato ɗauke wutar nan.

Unguwa ma haka. Hajiya mai waken ƙofar gidanmu ta taɓa jana gefe: "Ɗana, ka ji tsoron Allah, ba dai sakawa kake yi ba?" Haka suke kiran damfarar intanet, da kalmarmu. Sai da na nuna mata katin aiki. Washegari ta aike ni sayen gawayi, tunda ai ina gida.

Ƙannena masu neman irin aikin nan, ku yi magana da oga tun farko: aikin da aka gama za a duba, ko ɗigo? Ku kuma yanka lokacin rufe kwamfuta. Ni na kai wata guda ina amsa saƙo bayan isha'i, maganata da mutane ba ta wuce sallama a masallaci ba.

Haya kuwa, kuɗin shekara biyu mai gidana ya karɓa a dunƙule. Wannan sai wasiƙa ta gaba.