Manya da karatun nishaɗi

Da na koma karanta littattafan labari a 'yan kwanakin nan, na lura cewa yawancin manyan da nake hulɗa da su sun ajiye karatun nishaɗi tun ranar da suka kammala makaranta. Uzurin da aka fi bayarwa shi ne rashin lokaci, amma ban gamsu da shi ba, domin wanda ya dawo aiki a gajiye yakan shafe sa'o'i yana duba waya. A ganina, makaranta ce ta ɗaure karatu da jarrabawa a zukatan mutane, sannan gajerun rubuce-rubucen intanet suka rage haƙurin bin dogon labari, har shafi goma ya zama jan aiki.