Takardar sablimeshan: kafin ka zagi inki ko firinta, duba takardarka

Jama'a barkanmu da war haka. Yau maganar takarda nake so mu yi, don kusan duk wanda ya shigo wannan harka tamu ta sablimeshan, wato buga hoto a kofi da jesi da faranti da zafi, a nan Katsina, tambayarsa ta farko ita ce wace firinta zan saya, ta biyu wane inki ya fi baƙi, amma da wuya ka ji wani ya tambayi takarda, alhali ita ce ke riƙe aikin gaba ɗaya. Mutum zai zuba kuɗi ya sayi firinta Epson L1800 ya sayi injin gashi sannan in aka zo kan takarda sai ya fara neman wadda ta fi arha a kasuwa, in aiki ya fito dishi-dishi kuma ya ce ai mai inki ne ya cuce shi.

Bari in faɗi yadda abin yake aiki a taƙaice. Inkin sablimeshan ba irin na buga takardun makaranta ba ne, shi in ya ji zafi wajen digiri 180 zuwa 200 sai ya tashi daga busasshe ya koma hayaƙi kai tsaye ba tare da ya narke ya zama ruwa ba, a daidai lokacin kuma zaren foliyesta ya ɗan buɗe saboda zafin, hayaƙin ya shige ciki, in ya huce ya kulle. Shi ya sa in ka shafa hannu a jesin da aka yi wa wannan aiki ba za ka ji tudun komai ba, kalar ta zama jikin yadin, ba ta ɓarewa ba ta tsagewa. To aikin takardar mi ne a nan? Fuskarta ɗaya an shafe ta da wani sinadari da ke hana inkin nutsewa cikin jikin takardar, ya tsaya a sama ya bushe, ɗigon bai bazu ba, in zafi ya zo ta sake shi kusan duka. Takardar fotokwafi kuwa shanye shi take kamar yadda ƙasar rani ke shanye ruwan farko, sai ka gasa ka ɗaga ka ga rabin kalar tana nan a jikin takarda, riga ta samu saura.

Wasu yaran shago na cewa ai sun gwada da takardar fotokwafi kuma ya fito. Eh yana fitowa, ban musa ba. Amma ka ajiye shi kusa da wanda aka yi da takardar gaske ka dubi baƙin, ka dubi jan, sannan ka dubi gefen ƙananan rubutu, musamman irin kofunan biki da ake sa sunan amarya da ango da kwanan wata da siririn rubutu. Uwar amarya ba ta san sunan takarda ba amma wallahi tana gane aikin da ya yi fari-fari.

Nauyin takarda ma yana da magana. Na fakiti irin A4 da A3 yawanci giram 100 zuwa 120 ne a kowace murabba'in mita, masu manyan injina da ke buga na nadi sukan yi amfani da mai sauƙi fiye da haka. Mai nauyi ta fi ɗaukar inki da yawa ba ta yi kumburi ba, ita nake so wa hoto mai duhu da yawa, don mara nauyi in inki ya yi mata yawa sai ta yi tudu-tudu har kan firinta, wato wurin da ke feso inki, ya goge ta ya bar maka zane baƙi a tsakiyar fuskar mutum. Akwai kuma mai danƙo, wadda in ta ji zafi take ɗan manne wa yadi, ita ta jesi ce da duk yadi mai talewa, tana hana hoton motsi lokacin da ka ɗaga murfin inji, wannan motsin shi ke jawo ka ga rubutu ya fito da inuwa biyu. Amma ba a sa ta a kofi ko faranti, can salatif mai jure zafi za ka liƙa.

Fuskar da ake bugawa ita ce wadda ta fi haske da santsi, wasu kamfanonin suna sa tambari a baya don kar a ruɗe, in babu ka ɗan jiƙa yatsa ka taɓa lungu, gefen da ya ɗan kama yatsan shi ne. Ka juya hoton kamar a madubi kafin ka buga. Kuma kar hankalinka ya tashi in ka ga ya fito a takarda ba armashi, haka yake, sai ya sha wuta kalar ke tashi.

Inda na fi so in tsaya shi ne yanayin garinmu, don masu yin bidiyon koyarwa a YouTube ba a Katsina suke zaune ba. Lokacin hunturu iska ta bushe ƙarau, takardu su riƙa mannewa da juna firinta ta ja biyu a tare, ga ƙura, kuma ƙwayar ƙura ɗaya in ta zauna a kan takarda kafin inki ya sauka to farin ɗigo ne a jikin aikin har abada. Ɗan zaren da ya maƙale a farar riga kuma in an gasa sai ya fito shuɗi-shuɗi, shi ya sa ake goge riga tsaf kafin a ɗora. Da damina kuma, wajen Yuli da Agusta, matsalar ta juya, takarda ta sha danshi ta lanƙwashe, in ta shiga inji danshin ya zama tururi ya tura inkin gefe, sai ka ga dabbare-dabbare a gefen hoto. Maganin ba wani mai tsada ba ne, ka bar takarda cikin ledarta a kwance, ka ciri iya wadda za ka buga ka rufe saura, kar ka jingine fakiti a tsaye jikin bango, rigar kuma ka ɗan danna ta a inji na 'yan daƙiƙu ta fitar da danshi kafin ka ɗora hoton.

Sai dai fa duk kyan takarda ba za ta yi abin da ba aikinta ba. Kullum sai an kawo mana shadda ko baƙar riga an ce a sa hoton ɗan takara ko tambarin ƙungiya, ka yi bayani har ka gaji. Inkin nan ba ya kama auduga, zai hau kamar gaske amma wanki kaɗan ya tafi, kuma babu farin inki a cikinsa, farin da kake gani a hoto farin yadin ne, don haka a baƙar riga ba abin da zai fito. Kofi ma ba kowanne ba, sai wanda aka shafa wa sinadarin foliyesta tun daga kamfani, na tangaran da ake sayarwa a babbar kasuwa ko ka kwana kana gasawa ba zai ɗauka ba. Ɗaliban jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman in za su yi rigunan gama karatu nakan ce masu tun farko su zaɓi fara mai foliyesta sosai, in an haɗa da auduga rabi da rabi kalar za ta fito a kwance.

Firinta kuwa dalilin da ya sa kowa ke bin Epson shi ne kanta ba ya dafa inki kafin ya feso shi, yawancin ƙananan Canon da HP da zafi suke tofawa, shi kuma wannan inkin zafi ne ke tayar da shi.

Lokacin gashi, jesi wajen daƙiƙa 45 zuwa 60, kofi minti uku zuwa huɗu, amma kowace takarda da halinta, kuma in a janareto kake wutar tana hawa tana sauka to agogon injin ba lallai ya faɗa maka gaskiyar zafin ba. In ka sayo sabon fakiti daga Kano ko aka aiko maka daga Legas, ko da sunan iri ɗaya ne da wanda ka saba, ka yanki ƙyallen foliyesta ka gwada baƙi da ja da fatar mutum tukuna. Baƙin in ya koma ruwan ƙasa wuta ta yi yawa, in ya yi kore-kore bai gasu ba, ka ƙara masa lokaci kaɗan ka sake gwadawa.