Yinin da muka yi a Rishikesh

Asabar, da dare.

Yara sun yi barci tun ɗazu. Ni ƙafafuna sai zugi suke yi, barci kuma ya ƙi zuwa, shi ya sa na ɗauko waya nake rubutu a nan masaukinmu.

Maƙwabciyarmu ta Delhi mabiyar addinin Hindu ce, mace mai kirki, ita ke riƙe min Auta idan zan je asibiti. Ta fi wata uku tana cewa sai ta kai mu Rishikesh, wani gari a arewacin Indiya, kafin Abban yara ya gama karatu mu koma Kano. Yau Allah ya nufa. Da sassafe muka hau jirgin ƙasa zuwa Haridwar, daga can muka shiga mota, tafiyar kamar kilomita 25.

Garin yana gindin tsaunukan Himalaya, daidai inda kogin Ganga ke gangarowa. Ruwan kore shar, ga sanyi kamar ƙanƙara. Ba a sayar da nama ko giya a garin, doka ce ta hana, don haka gurasar chapati da miyar wake da suke kira dal muka ci da rana. Muka tsallaka ta gadar Ram Jhula, wadda aka rataye da igiyoyin ƙarfe. Tana ɗan lilo idan mutane sun cika, ga birai a bakinta suna jiran mai leda a hannu. Na damƙe hannun Auta sai da muka sauka.

A tsallake ne Parmarth Niketan yake, zawiyar da aka kafa a 1942, mai ɗakuna sama da 1,000 na masu ziyara. Akwai samari ɗalibai cikin tufafi ruwan ɗorawa, zaune a jere suna rera karatunsu da harshen Sanskrit. Abban yara ya daɗe yana kallonsu, ya ce sun tuna masa da makarantar allon unguwarsu.

Da rana ta kusa faɗuwa kowa ya tuɓe takalmi aka gangara bakin ruwa don abin da suke kira Ganga Aarti, wato ibadar da mabiya Hindu ke yi ta girmama kogin. Ana kaɗa ƙararrawa, ana ɗaga manyan fitilun tagulla, wasu na sakin 'yan ƙoƙunan ganye da furanni da wuta a kan ruwa. Mu dai baya muka tsaya. Da aka miƙo fitila wajenmu, tun kafin in buɗe baki maƙwabciyar ta yi wa mutumin bayani da Hindi cewa baƙi ne mu, Musulmi. Ya haɗa tafukansa, ya yi murmushi, ya wuce. Wallahi na ji daɗin yadda ta ɗauke min nauyin nan.

Wata tsohuwa ce ta tsaya min a rai. Ta tsuguna a matakalar ƙarshe tana cika ƙaramar jarka da ruwan kogin, hawaye na zuba. Babbar 'yata ta ja mayafina ta ce, "Umma, me ya sa take kuka?" Maƙwabciyar ta je ta tambaye ta. Ashe daga can kudancin ƙasar ta taso, zuwanta na farko ke nan, ruwan kuma gida za ta kai wa 'yan uwa. Nan take na tuna Hajiyata ranar da ta dawo daga Makka, rungume da jarkar zamzam, ta hana kowa ya ɗaukar mata. Imaninmu da nata ba ɗaya ba ne, amma hawayen nan na gane su.

Da muka dawo masauki, mijin maƙwabciyar ne ya ture gado gefe ya buɗe mana fili. Abban yara ya duba alƙibla a waya, ya ja mu Magariba, su kuma suka zauna a waje da Auta har muka sallame.