Yadda na sauya wa a-kori-kurata gurbin bakin tankin mai

Motar da nake ɗauko masara da ita daga Giwa da Soba zuwa Zariya tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975. Da na sa aka ƙera mata sabon bodi mai faɗi domin ta ƙara cin buhu, sai bakin tankin ya shige ƙarƙashin ƙarfe, har ta kai duk gidan man da na shiga sai mai zuba mai ya durƙusa ya karkata kan famfo, fetur yana tsiyaya a ƙasa. Shi ya sa na yanke shawarar a fito da bakin zuwa gefen bodin, gaba kaɗan da tayar baya.

Na kai ta wani gareji a Sabon Gari, wurin wani dattijon bakanike, kuma kafin ya taɓa sifana ya ce mini: "Alhaji, in ba za a sauke tankin ba, sai dai ka nemi wani." Aka cire kan batir, aka tsiyaye man, aka kwance tankin aka kai shi can nesa, sannan mai walda ya kunna injinsa. Na sha ganin masu tusa jiƙaƙƙen tsumma a bakin tanki su ci gaba da walda, kuma a ganina wannan ganganci ne, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya taru a rami, tankin da aka zazzage kuwa cike yake da shi.

Huda ƙarfe da dasa murfi ba su ɗauki lokaci ba. Inda aikin yake shi ne gangaren bututu. Dole sabon bakin ya kasance sama da tankin, bututun ya sauka ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba, kuma ba tare da wani wuri da mai zai kwanta ba. Akwai kuma siririn tiyo da ke bin gefensa, wanda iskar cikin tanki ke fita ta cikinsa yayin da mai ke shiga. Idan ya lotsa a tsakiya, mai zai taru ya toshe shi, sai kan famfo ya riƙa katsewa ko fetur ya yi wa mai zubawa ambaliya. Dattijon nan ya ja zare daga saman tankin zuwa sabon gurbin, ya tsuguna ya duba gangaren, ya matsar da alamar allinsa sama, kafin ya yarda a yanka ƙarfe.

A tsawon hanyar, bututun ƙarfe muka sa, roba kuwa a mahaɗa kawai, saboda bodi da shasi, wato ƙarfen da bodin ke zaune a kai, suna motsi dabam-dabam idan mota ta ɗauki kaya a hanya mai gargada. Robar ma sai wadda aka yi domin mai, don tiyon lagireto laushi yake yi ya kumbura idan fetur ya jiƙa shi. Mun kauce wa salansa, mun sa farantin ƙarfe da zai tare tsakuwar da taya ke watsowa, sannan aka ɗaura waya daga wuyan bututun zuwa shasi domin kauce wa tartsatsi, musamman da hunturu lokacin da iska ke bushewa. A ƙasan akwatin murfin an bar ƙaramar kafa, domin ruwan watan Agusta ya zurare waje maimakon ya taru a bakin tanki.

Gwajin farko da jarka muka yi shi a hankali, muna shafa kowace mahaɗa da hannu muna sansana. Daga nan na cika tankin a gidan mai, na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai, da safe ban ga ɗigo ba. Bayan ta yi jigilar kaya na koma garejin aka sake ɗaure kilif-kilif ɗin da ke matse robar a mahaɗa, domin sabuwar roba takan ɗan saki bayan ta zauna.